Uwar ƙungiyoyi: Idan ba mu ke ciyar da ita ba, ba tamu ba ce

A watan Agustan 2021 ruwa ya cinye wata gada kusa da ƙauyen Radabi, a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka. Motar haya ta taho ba a san gadar ta tafi ba, ta afka, mutum fiye da 20 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Ba sai an gaya wa mutumin karkara su wa ke fara isa irin wannan wuri ba. Kafin a ji jiniya daga hedikwata, samarin ƙauye ne ke shiga ruwa, 'yan agaji ke ɗaukar gawa, 'yan ƙungiyar direbobi ke tare hanya kada wata motar ta bi sawu, mata kuma su ɗora tukunya saboda matafiyan da suka maƙale. Haka abin yake duk shekara, ko ambaliya ce, ko gobara, ko amai da gudawa.

To amma bari ruwa ya janye a kira taro a Dutse kan yadda za a tunkari damina mai zuwa. Ka duba kujerun da kyau. Da wuya ka ga fuskar ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka jiƙe. Ba don an tsane su ba. Mai rubuta takardar gayyata bai san sunan ƙungiyarsu ba, ba shi da lambar wayar shugabansu, kuma babu wani wuri guda da zai je ya tambaya.

Wannan giɓi shi ne aikin abin da ake kira uwar ƙungiya, ko gamayya, ko inuwa: ƙungiyar da 'ya'yanta ba ɗaiɗaikun mutane ba ne, ƙungiyoyi ne. Ba ita ke haƙa rijiya ba, ba ita ke raba abinci ga marayu ba. Aikinta ta sauƙaƙa wa masu haƙa rijiyar, ta kuma yi magana da yawunsu a inda muryarsu ba ta kaiwa. Ra'ayina shi ne yankinmu na Gwaram da Birnin Kudu yana matuƙar buƙatar irin wannan inuwa, amma ba irin wadda ake saukowa da ita daga sama ba.

Yadda tamu ta mutu

Na yi shekara huɗu ina riƙe da littafin wata ƙungiyar samari a yankinmu. Ba mu da ofis. Muna zama a ƙofar gidan shugaba bayan sallar isha'i, kowa ya ba da karo-karonsa na wata, na rubuta. Da wannan muke yashe kwalbati kafin ruwa ya sauka, mu cike zaizayar maƙabarta, mu biya kuɗin mota idan haihuwa ta zo da gardama sai an kai mace asibitin tarayya na Birnin Kudu.

Wata shekara wani ɗan garinmu da ke kasuwanci a kudu ya ce zai ba mu kuɗin gyaran famfon tuƙa-tuƙa guda biyu. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma yana da gaskiya: ba zai tura kuɗi asusun mutum ba, sai na ƙungiya. Ni da ma'aji muka hau mota muka tafi wani banki da takardar rajistarmu ta ƙaramar hukuma, wadda muke ji da ita kamar takardar fili.

Ma'aikacin ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Malam, wannan ba za ta buɗe muku asusu a nan ba. Ina ta CAC? Ina ta SCUML?"

Ranar na fara jin wannan kalma ta biyu. Da muka bincika sai muka gane rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni tana buƙatar a naɗa amintattu, a rubuta tsarin mulki irin wanda hukumar ke karɓa, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, sannan duk shekara a riƙa kai rahoto, wanda ya makara a ci shi tara. SCUML kuma wani sashe ne ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram. Da muka haɗa kuɗin lauya da na jarida sai muka ga ya fi abin da ke cikin asusunmu gaba ɗaya.

Muka lallashi mutumin ya tura wa ma'aji. Aka gyara famfo. Ma'ajinmu mutum ne mai amana, har gobe zan shaide shi, amma ba a yi wata uku ba aka fara raɗe-raɗin cewa sabon babur ɗinsa daga kuɗin famfo ya fito. Ba mu da takardar banki mai sunan ƙungiya da za mu ɗaga a gaban jama'a. Ya yi fushi ya ajiye muƙami, masu ba da karo-karo suka ja baya, zama ya koma na mutum biyar, daga nan ya koma na tarihi.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya zo daga baya. Ashe a cikin ƙaramar hukumarmu ɗin nan akwai wata ƙungiya da ta riga ta bi duk waɗannan matakai, kuma sakatarenta ya iya cike takardun ta intanet da kansa ba tare da lauya ba. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ce tsakaninmu. Babu wanda ya haɗa mu.

Ba baƙon abu ba ne

Wasu na ɗauka wannan tsari na Turawa ne. Gaskiya ne a Ingila akwai majalisar ƙungiyoyin sa-kai ta ƙasa, NCVO, wadda asalinta ya koma 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma har yau ita ke tsaya wa dubban ƙungiyoyin agaji a gaban gwamnati. Amma mu ma ba yau muka fara ba.

A 1962 aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, domin ta zama inuwar ƙungiyoyin Musulmi, kuma Sarkin Musulmi ke shugabantarta. A 1985 mata suka haɗu a Minna suka kafa FOMWAN, Hajiya Aisha Lemu ta zama amira ta farko. Sunanta ma ya faɗi abin da take: tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi. Makarantu da asibitocin da ke ƙarƙashinta a jihohi da yawa shaida ne cewa ƙananan ƙungiyoyin mata na unguwa, idan suka sami rumfa ɗaya, suna iya abin da gwamnati ke jinjina wa. Kiristoci suna da CAN tun 1976. Ƙungiyoyi masu zaman kansu kuma suna da gamayyarsu ta ƙasa, NNNGO, tun 1992.

Mai karatu zai iya cewa, to me wannan ya tsinana wa mai yashe kwalbati a Basirka? Ya tsinana, ko da bai sani ba.

A 2016 marigayi Umar Buba Jibril, ɗan Majalisar Wakilai daga Kogi, ya gabatar da ƙudirin kafa hukumar da za ta riƙa sa ido kan ƙungiyoyi masu zaman kansu, da ikon ba su lasisi da sabunta shi. Da ƙudirin ya zama doka, da nauyinsa bai tsaya kan manyan ƙungiyoyin Abuja masu lauyoyi ba. Gamayyar ƙungiyoyi ce ta yi masa ca a zaman jin ra'ayin jama'a na Disambar 2017, ƙudirin bai kai labari ba. Haka kuma bayan shekaru ana kai gwauro ana kai mari, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta cire ƙungiyoyin agaji daga jerin sana'o'in da ake yi wa sa ido na musamman. Ba ƙungiya ɗaya ce ta ci wannan yaƙi ba.

Akwai kuma inda aka yi barci. A watan Agustan 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni, CAMA, wadda sashenta na 839 ya ba CAC damar dakatar da amintattun ƙungiya ta naɗa masu riƙon ƙwarya. Hayaniyar da ta fi ƙarfi ta tashi ne bayan an sa hannu. Ihu bayan hari. Wannan ma darasi ne: aikin uwar ƙungiya shi ne karanta takardu masu gundura tun suna gaban kwamiti, lokacin da 'ya'yanta ke can suna fama da aikin gabansu.

Jigawa ba a baya take ba, amma...

A yi adalci. Jigawa na cikin jihohin da ƙungiyoyin fararen hula suka fi samun bakin magana da gwamnati. Akwai dandalin ƙungiyoyin fararen hula na jiha, kuma duk mai bin labaran Jigawa ya sha jin sunan Kwamared Musbahu Basirka yana magana a matsayin shugabansa. Zaman jin ra'ayi kan kasafin kuɗi, bin diddigin ayyukan kwangila, matsa lamba kan kuɗin lafiya da abinci mai gina jiki, duk abubuwa ne da a shekarun farko bayan ƙirƙiro jihar a 1991 ba a saba da su ba.

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya kan inda ƙarfin wannan tafiya ya fito. Jigawa ta daɗe tana cikin jihohin da hukumar raya ƙasashe ta Birtaniya, DFID, ta fi mayar da hankali a kai. Shirin SAVI da ya fara a 2008 domin ƙarfafa muryar jama'a, da ESSPIN da ya raya kwamitocin kula da makarantu, da PERL da ya biyo baya a 2016, su suka ɗauki nauyin tarurruka da horo da yawa. An amfana ƙwarai. Amma duk abin da aka rena da nonon wata uwa, ranar da ta yaye shi za a gane ƙarfin ƙafarsa.

Kuma yayen ya zo. Birtaniya ta narkar da DFID cikin ma'aikatar harkokin wajenta a 2020, ta rage kason agajinta daga kashi 0.7 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa zuwa 0.5 a 2021, sannan a Fabrairun 2025 ta ce zai koma 0.3 nan da 2027. A Amurka kuwa Shugaba Donald Trump ya dakatar da agajin ƙasashen waje a Janairun 2025, kafin tsakiyar shekarar an rufe USAID. Wanda ke jiran a kira shi otal a Dutse ko Kano, a ba shi jaka da kuɗin mota kafin ya yi taron gamayya, zai daɗe yana jira.

Ni ban ɗauki wannan a matsayin musiba zalla ba. Kuɗin baƙi ya zo da wata al'ada da ta raba ƙungiyoyinmu gida biyu. Akwai masu Turanci da kwamfuta da suka iya rubuta takardar neman tallafi, akwai kuma masu fatanya da kwando da ba su iya ba. Na farko ake kira "ƙungiyoyin fararen hula", na biyu a ce musu "jama'ar gari", a kira su idan ana son hoto. Alhali idan aka bi asali, na biyun ne jikokin gayya da adashi, su ne suka fi tsufa, su ne kuma ba su taɓa tsayawa don an daina turo dala ba.

Inuwar da ke cinye na ƙarƙashinta

Manomi ya san akwai bishiyar da shuka ke yin kyau a ƙarƙashinta, kamar gawo, akwai kuma wadda ba abin da ke tsira a gindinta. Uwar ƙungiya ma haka take, kuma duk wanda ya daɗe a wannan harka ya ga irin ta biyun.

Alamarta ta farko ita ce ta fara takara da 'ya'yanta. A ce an fito da tallafin gyaran rijiyoyi, maimakon ta sanar da ƙungiyoyin da ke aikin ruwa ta taya su cike takarda, sai ta nema da sunanta, tana kafa hujja da cewa tana da mambobi ɗari. Sunayensu ta ci da su. Daga ranar ta daina zama uwa, ta zama kishiya mai dogon hannu.

Sai cikar rajista da ƙungiyoyin cikin jaka, waɗanda shugaba da sakatare da ma'aji duk mutum ɗaya ne da hatiminsa. Ba sa aiki, amma suna da ƙuri'a ranar zaɓe, kuma su ke tabbatar da cewa shugaba ya zarce.

Wadda ta fi haɗari ita ce ta gwamnati, domin tana zuwa da fuskar alheri. Maƙwabtanmu na Nijar sun ga wannan. Bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, ya ɗauko samariya, tsohuwar ƙungiyar samarin gari da kowane Bahaushe ya sani da sarkin samarinta, ya yi mata tsari tun daga unguwa har ƙasa baki ɗaya. Ba a musun aikin da aka yi: an gina azuzuwa, an dasa itatuwa, an yi bukukuwan matasa da har yau dattawan Maraɗi da Damagaram ke ba da labarinsu. Amma linzamin yana hannun gwamnati. Da aka kafa jam'iyya ɗaya tilo ta MNSD a 1989, tsarin ya zama wani reshe na mulki, da guguwar dimokuraɗiyya ta taso a farkon shekarun 1990 kuwa sai ya bi mulkin da ya raine shi. Abin da ya rayu ɗaruruwan shekaru a hannun gari bai yi shekara 20 a hannun hukuma ba.

A wurinmu abin bai kai haka tsari ba, ya fi kama da ciniki. Shugaban ƙaramar hukuma ya ba gamayya ɗaki a sakatariya, ya sa mata ɗan wani abu duk wata, shi ke nan an rufe baki. Ranar da asibitin mazaɓa ya rasa magani, wa zai yi magana? Bakin da ya ci shi ke godiya. Idan zaɓe ya matso kuma sai ka ji sanarwa a rediyo cewa "gamayyar ƙungiyoyi kaza" ta amince da ɗan takara, alhali 'yan ƙungiyoyin a rediyon suka fara ji kamar kowa.

Duk waɗannan cututtuka tushensu ɗaya ne. Wanda ke biyan kuɗin fetur da na kati da na shayin taro, shi ne mai gamayya. Idan baƙo ne, za ta koyi yarensa. Idan ciyaman ne, za ta koyi shiru.

Abin da nake ganin zai yiwu a Gwaram

Ba ina kiran a kafa wata sabuwar ƙungiya mai dogon suna da kalanda mai hotunan shugabanni ba. Ina maganar ƙaramin abu a matakin ƙaramar hukuma, inda mai ƙungiya daga Basirka ko Fagam ko Farin Dutse zai iya zuwa taro ya koma gida ya yi la'asar.

A fara da littafi. Gwaram na da mazaɓu 11. A bi su ɗaya bayan ɗaya a rubuta kowace ƙungiya mai rai: ta samari, ta mata masu adashi da sana'a, 'yan agajin kowane ɓangare, 'yan sintiri, kwamitin makaranta, kwamitin asibiti, ƙungiyar masu buƙata ta musamman, ta makiyaya, ta tsofaffin ɗalibai. Sharaɗin shiga kada ya zama takardar CAC. Ya zama mai unguwa da wasu ƙungiyoyi biyu sun shaida cewa an ga aikinku a cikin shekarar nan. Wannan kaɗai ya isa ya tace na cikin jaka. Littafin kuma ya kasance a takarda da a waya, ta yadda ranar da ruwa ya ci hanya, jami'in hukumar agajin gaggawa zai san wa zai kira cikin minti biyar.

Sannan kowace ƙungiya ta biya kuɗin shekara, ko da kuɗin kwanon gero ne, a ba ta rasit. Na san za a ce mutane na fama da abin da za su ci. Gaskiya ne. Amma waɗannan mutanen su ke zuba adashi duk ranar kasuwa ba fashi, su ke haɗa kuɗin likkafani cikin awa ɗaya. Ba rashin kuɗi ne ke hana Bahaushe karo-karo ba, rashin sanin inda kuɗin ya shiga ne. Masarautar Dutse, wadda Gwaram da Birnin Kudu ke cikinta, ta yi suna wajen tattara zakka gunduma-gunduma, kuma abin da ya sa manomi ke fito da buhunsa shi ne rabon da ake yi a bainar jama'a, ya ga wanda ya karɓa da idonsa. Gamayya ta kwaikwayi wannan: duk wata uku a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, da Hausa, a liƙa a bango, a tura a WhatsApp.

Da wannan ɗan kuɗi za a yi abin da ya gagari ƙungiyarmu. Gamayya ita ce za ta yi cikakkiyar rajista sau ɗaya, ta buɗe asusu, ta riƙa karɓar gudummawa a madadin ƙaramar ƙungiyar da ba ta da nata, da rubutacciyar yarjejeniya da sa hannun mutum uku, biyu daga cikinsu 'yan ƙungiyar da aka yi wa kyautar. Wadda ta girma har tana son tata rajistar, a haɗa ta da wanda ya iya. A koya wa sakatarori yadda ake rubuta littafin kuɗi mai shafi biyu, na shiga da na fita, da boko ko da ajami, wanda mutum ya fi iyawa. Aiki ne marar armashi, ba ya hawa Facebook, amma da an yi mana shi da ma'ajinmu bai bar gari da ɓacin rai ba.

A tsarin mulkinta kuma a rubuta abubuwa biyu da jan alƙalami. Gamayya ba za ta nemi aikin da ɗaya daga cikin 'ya'yanta zai iya yi ba. Kuma duk shugaban da ya sayi fom na takara ko ya karɓi muƙamin siyasa, ya sauka a ranar. Ba laifi ba ne mutum ya shiga siyasa, haƙƙinsa ne. Amma kada ya tafi da tsanin jama'a a kafaɗa.

Hakimai da dagatai fa? Iyayen ƙasa ne, a ba su girmansu, a nemi albarkarsu, a kai musu rikicin da ya gagara. Kada dai a ɗora su a kujerar shugaba, domin babu saurayin da zai ɗaga hannu a taro ya ce, "Ranka ya daɗe, lissafin nan bai cika ba."

Maganar mata tana buƙatar a tsaya a kanta. Idan aka sa taro bayan isha'i a ƙofar gidan wani, an riga an kore su ba tare da an faɗa ba. Kuma a ƙauyukanmu su ne suka fi riƙe ƙungiya da gaske. Na taɓa tambayar wata dattijuwa, uwar adashin unguwarmu, me ya sa ƙungiyarsu ba ta zuwa tarukan da ake kira. Ta ce, "Ɗan nan, ku kuna taro ne don ku zaɓi shugaba. Mu muna taro ne don mu raba kuɗi. In kun fara irin namu ku kira mu." Ban sami amsar ba ta ba. Taron gamayya ya zama da hantsi, a makaranta, yana zagayawa mazaɓa-mazaɓa, kuma kujerar ma'aji, in da ni za a bi, a bar wa irin su Inna.

Masu cewa ba za ta yiwu ba

Hujja mafi ƙarfi da na ji ita ce ta rarrabuwar kai. 'Yan agajin Izala da na ɗariƙa za su zauna a tabarma ɗaya? Manomi da makiyayi fa, bayan abin da ake yi duk kaka? Ban raina wannan ba. Amma na ga waɗannan mutanen sun kama makara ɗaya, sun ja igiya ɗaya a bakin kogi. Gamayyar da ta tsaya kan kwalbati da littafin kuɗi da maganin asibiti ba ta tambayi kowa yadda yake sallah ba. Ranar da ta fara fitar da sanarwa kan abin da ba a kafa ta dominsa ba, ranar za ta tsage, shi ya sa dole a taƙaita mata baki tun farko.

Wasu kuma na cewa ai akwai dandali na jiha, me za a yi da wani? Ba kishiyarsa ake nema ba, saiwarsa ake nema. Wanda zai tsaya a Dutse ya ce yana magana da yawun ƙungiyoyin Jigawa, maganarsa za ta fi nauyi idan a bayansa akwai ƙananan hukumomi 27 da kowacce ke da littafinta, da wakilin da ƙungiyoyin ƙauye suka zaɓa kuma za su iya saukewa.

Akwai kuma dalilin da ya sa ba za a jira ba. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Aiwatarwa na tafiyar hawainiya, amma alƙibla ta nuna cewa shawarar kuɗi mai yawa za ta riƙa yankuwa a sakatariyar ƙaramar hukuma. Gwamna Umar Namadi ma ya fito da shirin Gwamnati da Jama'a, inda ake zuwa ƙananan hukumomi a saurari mutane. A irin wannan zama, idan ƙungiyoyi hamsin suka zo kowacce da takardarta, za a karɓa a yi godiya a zuba a jaka. Idan suka zo da takarda ɗaya mai buƙatu biyar da suka riga suka yi gardama a kai suka jera, da sa hannun hamsin ɗin, da alƙawarin za su dawo bayan wata shida su tambaya, wannan wata magana ce daban.

Littafin ƙungiyarmu yana nan a akwatina, bangonsa ya fara cin asu. Shafin ƙarshe da na rubuta jerin kwalbatoci ne guda bakwai da muka ce za mu yashe kafin ruwan wannan shekarar. Da na je gida da sallar da ta wuce na zagaya na duba su. Biyu an gyara. Ɗaya ta rufta gaba ɗaya, yara sun sa katako suna tsallakawa zuwa makaranta.